Yadda nake buga wa jitata kayan aiki da firintar 3D a ɗakina na Agege

Daga Agege zuwa kasuwar Alaba, in ka taki sa'a hanya ta buɗe, ka ci rabin yini zuwa da dawowa. In kuwa ka haɗu da cunkoso, Azahar da La'asar duk a mota za su same ka. Na sha yin wannan tafiya saboda abin da bai wuce girman ƙwallon goruba ba: kan murɗa sautin jita ya fice ya faɗi a wajen biki, ko ƙusar da ke riƙe tsirkiya ta karye. Kuɗin mota ya ninka kuɗin abin da na je saye, ga shago na rufe.

Sana'ata gyaran waya ce a kasuwar kwamfuta ta Ikeja. Jita kuma ta ƙarshen mako ce, ni da abokaina uku muna kiɗa a bukukuwa. Firintar da nake da ita, Ender 3 ta kamfanin Creality, ta hannu na saya wajen wani ɗalibi da ya gama makaranta, da niyyar in riƙa buga 'yan matattarar da nake ɗora waya a kai in ina gyara. Ban yi wata biyu ba ta koma yi wa jita hidima. Abin da zan faɗa a nan, abin da hannuna ya taɓa ne, har da wanda na ɓata.

Ga wanda bai taɓa ganinta tana aiki ba, ba wani siddabaru ba ne. Zaren roba ne mai kaurin milimita 1.75 a naɗe a kan ƙwarya, inji yana tura shi cikin wani baki mai zafi, ya narke ya fito ta huda mai faɗin milimita 0.4. Bakin yana zagayawa a kan faranti yana zuba robar hawa-hawa, kamar yadda mai ginin tukunya ke ɗora laka kan laka. Farantin tawa milimita 220 ne kowane gefe, tana iya hawa sama har 250. Duk kayan jita da na taɓa bukata babu wanda ya fi ƙarfin wannan fili.

Kafin ka jona ta da wuta a karon farko, leƙa jikin akwatin wutarta. Akwai wani ɗan makunni mai lamba 115 da 230. Wutar Najeriya 230 ce. In an bar shi a kan 115 ka jona, ka yi sallama da akwatin.

Robar da ke jure Legas

Duk wanda ya sayi firinta, da PLA yake farawa, domin ita ce mai sauƙin kai. Zafin baki wajen digiri 200, faranti 60, ta kama ta zauna lafiya. Matsalarta ɗaya, kuma a garin nan matsalar babba ce: da zafi ya kusa digiri 60 sai ta fara laushi. Abin murɗa kunnuwan jita (maɓallan da ke ɗaure tsirkiya a kan jitar) na farko da na buga, na PLA ne, ja, na ji daɗinsa har na nuna wa maƙwabta. Ranar wata Asabar mai kaɗa mana bes, wato jita mai kaurin murya, ya ɗauke mu a motarsa, na ajiye shi a gaban gilashi, muka shiga wajen ɗaurin aure muka bar motar a rana. Da muka fito ya lanƙwashe kamar an tauna an tofar. Abokina ya ɗaga shi da yatsa biyu ya ce, “Malam, wannan alewar ta wace ce?”

Tun ranar na koma PETG, dangin robar da ake yin gorar ruwa da ita. Tana jure zafi har wajen digiri 80 kafin ta saki, kuma takan ɗan lanƙwasa kafin ta karye, ba kamar PLA da ke tsagewa farat ɗaya ba. Ina buga ta da zafin baki 235, faranti 75. Ba na wuce 240, saboda farin bututun da ke kai zare cikin bakin irin wannan firinta yana lalacewa in zafi ya yi yawa. In farantinka na gilashi ne, shafa masa gam ɗin takarda irin na 'yan makaranta, mai kama da jan-baki. Ba don ta kama ba, don ta saki ne: PETG na iya manne wa gilashi har ta ɓantaro shi.

Ta uku ita ce TPU, mai laushi kamar robar silifa. Zan zo kanta.

Sai danshi. Daga Afrilu zuwa Oktoba iskar Legas ruwa ce tsagwaronta, zaren roba kuma yana shan ta. In ka ji bakin firinta yana ƙara, tas-tas, kamar an jefa gishiri a wuta, ga kuma wasu siraran zaruruwa kamar yanar gizo-gizo a jikin abin da ka buga, zarenka ya jiƙe. Abin da ya fito zai yi kyan gani amma ba shi da ƙarfi. Ni bokitin fenti mai murfi na wanke, nake zuba zaren a ciki tare da 'yan ƙunshin silika, irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi ko na waya. A shagonmu zubar da su ake yi. In zare ya riga ya jiƙe, sai in kwantar da ƙwaryar a kan farantin firinta, in kife ta da kwali mai 'yan huji a sama, in sa faranti a digiri 65 na awa biyar ko shida. PLA kada ka wuce 50, in ba haka ba za ta manne da juna. Lokacin hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, sai ka riƙa goge faranti da sifirit kafin kowane aiki.

Batun wuta ba sai na faɗa wa ɗan Legas ba. Firintar tana da dabarar ci gaba daga inda ta tsaya in an dawo da wuta, amma kada ka dogara da ita: faranti ya huce, abin ya saki, kuma ko ya ci gaba za ka ga tabo a inda ya tsaya, nan ne kuma zai karye wata rana. Duk aikin da zai wuce awa ɗaya a kan inbata nake yin sa. An rubuta wat 350 a jikin akwatin wutar tawa, amma tana jan mai yawa ne sa'ad da take ɗumama faranti, in ta yi zafi sai ta sassauta. Ka buɗe taga in tana aiki, kuma ka hana yara kusantar bakin.

Auna tukuna

In kana da kuɗin abu ɗaya bayan firinta, sayi kalipa, wato abin auna kauri da faɗi, mai nuna lamba, irin ta masu juya ƙarfe. Akwai dubban zane-zanen kayan jita kyauta a shafukan intanet na Thingiverse da Printables, sai dai wanda ya zana, jitarsa ya auna, ba taka ba. Yawancin jitocin da ke hannunmu a nan na hannu ne da aka shigo da su, wasu an sha canza musu kaya, kunne na wannan kamfani, jaki (inda tsirkiya ke hawa a jikin jitar) na wancan. Sau uku ina sauko da zane, in ɓata awa guda ina bugawa, abin ya ƙi shiga. Daga nan na koyi zana nawa a Tinkercad, wanda kyauta ne kuma a burauza yake aiki. Dabararsa guda ce: ka ɗauko siffa, akwati ko gwangwani ko ƙwallo, ka ba ta awo, sannan ka ɗauko wata ka ce wannan rami ce, ka haɗa su, ta ƙwaƙule ta farkon. Ɗan yayata da ke aji uku na ƙaramar sakandare ya iya cikin yini biyu, har yana ce min, “Kawu, matsa in nuna maka.”

In ka gama zane sai ka sauke shi a matsayin fayil ɗin STL, ka buɗe a Cura, manhajar da ke yanka zanen hawa-hawa ta rubuta wa firinta hanyar da za ta bi. Ka zuba a memori ka soka.

Abu ɗaya da za ka riƙe: rami kullum yana fitowa a tsuke. In ka zana huda ta milimita 6, abin da za ka samu bai kai 6 ba, domin narkakkiyar roba tana ɗan bajewa ciki. Kowace firinta da nata halin. Tawa tana cin kusan 0.2. Ka gano na taka da wuri, ka rubuta a bango.

Fik

Fik shi ne ɗan fallen robar da ake kaɗa tsirkiya da shi, kuma da shi ya kamata ka fara, domin minti kaɗan ne, in ya ɓaci ba ka yi asarar komai ba. Fik ɗaya bai wuce rabin giram ba, ke nan a lissafi ƙwaryar kilo ɗaya za ta ba ka wajen dubu biyu. Mu da fik ke ɓace mana a aljihun babbar riga da cikin ramin jita, wannan kaɗai ya isa dalili.

Ɗauki wanda hannunka ya saba da shi ka auna. Wanda aka fi sani, siffar da kamfanin jita na Fender ke kira 351, tsawonsa wajen milimita 30 ne, faɗi wajen 25. Kauri shi ne magana. Na kasuwa suna zuwa 0.50, 0.60, 0.73, 0.88, 1.0 da 1.14. Firinta kuwa ba ta san rabin hawa ba, don haka sai ka zaɓi kaurin hawa da zai raba lambar da kake so. Ni 0.73 nake so don kiɗan rakiya, sai in sa kowane hawa 0.12, shida su ba ni 0.72. In ina son mai tauri na fitar da waƙa ɗaya-ɗaya, takwas, 0.96. Ka duba, Cura takan ba hawa na farko kauri daban, sai ka mayar da shi daidai da sauran, in ba haka ba lissafinka ya rushe. Cikon ciki ɗari bisa ɗari, a kwance a kan faranti.

Abin da zai fito ba fik ba ne tukuna. Bakinsa a tsaye yake kamar yankan wuƙa, in ka kaɗa da shi sai ka ji ƙarar karce. Samu sanfefa mai lamba 400, ka kwantar da ita a kan tebur, ka goga tsinin a karkace, gefe da gefe, har ya yi gangare. Sai ka bi da mai lamba 1000. Daga ƙarshe ina goga shi a jikin tsohon wandon jins sau ashirin ko talatin. Nan ne ya zama abin kiɗa.

Abin da na fi so a nawa, wanda na kasuwa ba su cika yi ba, huji ne. Wanda ya taɓa kiɗa a rumfar biki a watan Maris ya san yadda gumi ke sa fik ya zame. Ina huda ramuka bakwai masu faɗin milimita 2 a inda babban yatsa ke zama, ɗaya a tsakiya shida kewaye. Fatar yatsa ta shiga ciki ta riƙe. Gaskiyar magana, bai kai na kasuwa mai kyau daɗewa ba. Tsirkiyar ƙarfe tana cin bakinsa bayan biki biyu ko uku. Sai in jefar in ɗauko wani.

Da ka iya wannan, buga masa gida: ɗan maƙali mai kama sandar makirfo, da tsaga uku ko huɗu da fik zai shiga. Auna kaurin sandar, ka zana zobe wanda aka yanke kashi ɗaya cikin huɗu, ramin ya gaza sandar da rabin milimita don ya cafke.

Abin murɗa kunne

Canza tsirkiya shida da yatsa aiki ne mai cin rai. Abin murɗawa kashi biyu ne: hannu mai aljihu a kai wanda kunnen jita ke shiga, da mariƙi mai juyawa. Auna faɗi da kaurin kan kunnen, ka ƙara 0.5 kowanne, zurfin aljihu ya kai milimita 15. Tsawon hannun tsakanin 50 da 60 ya isa.  Mariƙin kuma gwangwani ne mai huda a tsakiya, ka haɗa su da noti mai kaurin milimita 4, ka sa wanda ke da roba a ciki don kada juyi ya kwance shi.

A nan ne za ka fara karo da babbar dokar wannan sana'a. Abin da firinta ta buga kamar itace yake, yana da jijiya. Ƙarfinsa a tsawon layin roba yake, rauninsa kuma a tsakanin hawa da hawa. Mai faskare ya san ta inda ake sa gatari. Saboda haka hannun a kwance za ka buga shi, layukan su bi tsawonsa. A Cura ka sa bango huɗu, wato layin roba huɗu a kewayen waje, cikon ciki kuma kashi 40. A bakin aljihun ina yanka 'yar tsaga mai siffar kofato, da ita nake ɗago ƙusoshin jaki na jitar katako, maimakon filaya da ke cin katakon.

Kan murɗa sauti

Wannan ne ya fi saurin mayar min da kuɗin zare, don abokan kiɗa kullum nasu a ɓace yake. Cire ɗaya daga cikin waɗanda suka rage ka dubi sandar da ke ƙasa. Yawanci za ka ga mai tsaga a tsakiya da haƙora kewaye, kaurinta milimita 6. Haƙoran iri biyu ne, masu 18 na jitocin Asiya da masu 24 na Amurka, shi ya sa wani lokaci ka sayo kai a kasuwa ya ƙi shiga. Akwai kuma sanda mai sulɓi ta 6.35, wadda ake ɗaure kanta da ɗan sukuru a gefe.

Ban damu da zana haƙora ba, bakin 0.4 ba ya fitar da su da kyau. Rami zagayayye nake yi, haƙoran ƙarfen su sassaƙa wa kansu wuri. Sai dai kafin in buga kan, ina buga 'yar faranti mai kaurin milimita 8 da ramuka biyar, daga 5.9 zuwa 6.3, in gwada kowanne a kan sandar. Wanda ya shiga da ɗan matsin babban yatsa, shi ne. Wanda sai ka danna da tafin hannu, bar shi, domin kana iya tura sandar ciki ka lalata abin da ke ƙasa, ka koma neman mai sayar da shi da mai like shi da dalma. A jikin kan ina yin gurbi-gurbi goma sha biyu don ƙaramin yatsa ya samu makama, in tsaga layi ɗaya a sama in cika da farin jan-farce na uwargida. Ta gane daga baya.

Maratayin bango

Nan ne na kusa yin kuka. Ɗakinmu ɗaya da falo, ga yara, jita a jingine a lungu jiran tsautsayi take yi. Na zana maratayi mai ƙaho biyu, na buga shi da bayansa a kan faranti, ƙahonin suna hawa sama, domin haka ya fi sauƙin bugawa. Ya fito sumul. Na kafa a bango na rataye jitar katako. Kwana tara, cikin dare, muka ji ƙas, sai rugum. Ƙaho ɗaya ya ɓalle daga gindi, daidai tsakanin hawa biyu, wurin a shafe kamar an yanka da reza. Allah ya taimake ni katifar yara ce a ƙasa, su kuma suna wajen kakarsu. Uwargida ta haska fitilar waya ta dubi bango ta dube ni, ta ce, “Malam, da ƙusa ka kafa da tuni muna barci.”

Ga yadda nake yi yanzu. Ƙahonin da gindinsu abu ɗaya ne mai siffar kofaton doki, a kwance nake buga shi, yadda layin roba zai taso daga tsinin ƙaho ɗaya ya zagaya gindi ya fita ɗayan ba tare da yankewa ba. PETG kawai, PLA ko ba ta karye ba, nauyi da zafin rufin kwano za su sa ta riƙa sunkuyawa a hankali har jitar ta zame. Kaurin kowane ƙaho milimita 16, tsayinsa 20, bango shida, ciko kashi 50. Inda ƙaho ya haɗu da gindi kada ka bar kusurwa mai kaifi, ka cike ta da lanƙwasa, don daga kusurwa tsagewa ke farawa. Tsinin ƙahonin ya ɗan ɗaga sama.

Tazarar da ke tsakaninsu, wuyan jitarka ne zai faɗa maka. A daidai inda wuya ya haɗu da kai, jitar lantarki takan kai milimita 42 ko 43, ta katako ta ɗan fi haka, mai tsirkiyar nailan kuwa 52. Ƙara biyar ko shida a kai, ka kuma tabbata kan jitar ya fi tazarar faɗi sosai.

Ba na ɗaure roba kai tsaye a bango. Guntun katako mai tauri nake karɓa wajen kafinta, in kafa shi da fisha biyu, wato robar da ake cusawa a hudar bango don sukuru ya kama, sannan in ɗaure kofaton a jikinsa da sukuru biyu masu faffaɗan kai da wasa, wato zoben ƙarfen da ake sawa ƙarƙashin kan sukuru. Sukuru mai kai kamar mazurari yana shiga ya buɗa hawa da hawa kamar tsinken faskare, ka guje shi. Bulon gidajen haya na Legas kuma wani holoƙo ne, in ka huda ka ji injin ya faɗa fanko, matsa gefe.

Sai gwaji, kuma kada ka tsallake shi. Jitar katako wajen kilo 2 ce, ta lantarki 3 zuwa 4 da ɗoriya, bes ta fi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ina cika galan biyu masu lita biyar-biyar, in rataya su da igiya a tsinin ƙahonin, in bar su mako guda. In na dawo na auna ban ga ya sunkuya ba, sannan jita ta hau. Daga ƙarshe ka naɗe ƙahonin da tsumman auduga ko fata. Kada ka sa tiyo ko baƙar roba: wasu jitoci masu tsada da tsofaffi suna da fentin naitiro, roba tana narka shi ta bar tabo a wuya.

Masu laushi

TPU a irin firintata sai da lallashi, domin tura ta cikin dogon bututu kamar tura dafaffiyar taliya ce. Gudun milimita 20 a daƙiƙa, ka rage ja-da-bayan zare sosai a Cura. Abu biyu nake yi da ita. Na farko murfin ramin jitar katako, wanda ke hana ta kuka in an jona ta da amfilifaya kusa da lasifika. Ramin babbar jita wajen milimita 100 ne, amma auna naka. Faifai ne mai kaurin milimita 2 da leɓe a ƙasa da zai shiga ramin. Na biyu 'yar wasa ce, wato zoben roba, da ake sawa bayan bel ɗin rataya jita don kada ya fice daga maɓallinsa kana tsaka da kiɗa: faɗi 25, kauri 2, huda 8. Ko da yake, in don wannan kaɗai ne, kada ka sayi ƙwaryar TPU. Je wajen mai faci ya ba ka guntun tsohon tub, ka yanka da almakashi. Na yi shekara da irinsa kafin in san firinta.

Abin da na daina bugawa

Kafo, wato matsin da ake ɗaurawa a wuya don ɗaga murya, na gwada zane uku. Ko dai bai matsa sosai ba tsirkiya ta riƙa zuza, ko ya matsa kwana biyu ya saki. Saman wuyan jita a ɗan gantsare yake, kowane kamfani da nasa gantsarin, ga shi abin yana bukatar sifirin mai ƙarfi. Na sayi na ƙarfe na huta.

Ƙusar jaki ina bugawa, amma ta gaggawa ce, biyu a aljihun jaka. A kwance ake buga ta, in ka buga a tsaye kan zai guntule ranar da za ka cire. Ka kuma auna tsohuwar sama da ƙasa, domin tsukewarsu iri biyu ce, digiri 3 da digiri 5.

Wanda ba na yi sam shi ne farin ƙashin da tsirkiya ke hawa a kan jaki da wanda ke can saman wuya. Tsirkiyoyi shida na jitar katako, masu lamba 12, suna ja da ƙarfin da ya haura kilo 70, kuma duk sautin ta wannan ɗan siririn abu yake bi ya shiga katako. Na buga na PETG don in ji da kunnena. Muryar jitar ta dushe kamar mai mura, cikin sati biyu kuma siraran tsirkiyoyin sun yanka shi sun nutse.

Mu da muke Agege ba mu da uzuri a kan wannan, ga mayankar Oko-Oba a bayan gida. Wani dattijo mahauci da muke sallah tare na roƙa ƙashin ƙwaurin sa. Ya ce, “Ɗana, miya za a yi da shi ko magani?” Na ce Baba, jita ce za ta ci. Ya yi dariya har ya riƙe ciki, washegari ya kawo min biyu a leda. Na yanke kawunan, na fitar da ɓargo, na dafa da ɗan omo na zubar da ruwan sau uku har maiƙon ya fita, na shanya a inuwa sati uku. Maiƙo in ya rage yana fitowa daga baya ya shiga katako.

A nan firinta ta dawo da amfaninta. Na auna ramin jakin, na buga samfurin roba, na yi ta gyara tsayinsa a kwamfuta ina sake bugawa, minti goma-goma, har tsirkiya ta zauna inda yatsuna ke so ba ta zuza. Na huɗu ne ya yi. Shi na ɗora a kan ƙashin na zana da fensir, na yanka da zarton ƙarfe. Na kuma buga wani ɗan akwati mai tsaga daidai kaurin da nake nema, in sa ƙashin a ciki in riƙa gogawa a kan sanfefa, da ya yi daidai da bakin akwatin na san ya kai. Ka ɗaura ƙyalle a hanci, ka yi aikin a waje. Ƙurar ƙashi ba ta da kyau ga huhu, warinta kuma kamar ana babbaka. Ƙashi ɗaya ya ba ni na jaki uku, ɗayan yana nan a kan taga, mai bes ya ce a ajiye masa.